Kwana Biyu Zuwa Yamai, Awa Huɗu Zuwa Kasablanka

Litinin: Difa zuwa Damagaram

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Litinin maigidana Malam Ari ya saɓa jakata a kafaɗa, muka fito daga gidanmu da ke Difa muka nufi tasha a ƙafa. Watan Disamba ne, sanyin kogi yana shiga har ƙashi. Kafin in fita na leƙa ɗakin Iya, mahaifiyarmu, na tarar idonta biyu. Ta kama hannuna ta ce in gaya wa Kyari ta sa masa albarka, kuma kada in je ina yi musu kuka a gaban mutane.

Ku matan ƙungiyarmu ta masu tattasai da kuka ce in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance, kun san ni. Amma saboda wanda takardar za ta faɗa hannunsa bai san mu ba, sunana Yagana, ƴar Barwa ce ni, can kusa da Boso. Kyari ƙanena ne, autanmu. Yana ƙaramar makaranta babanmu ya rasu, ni da Iya muka riƙe shi da cinikin bandar kifi. Da rikici ya kore mu daga Barwa muka yi shekara biyu a Asaga, daga baya muka samu wuri a cikin Difa, na koma harkar tattasai. Shi kuwa bai taɓa ajiye karatu ba, har ya samu gurbi a Maroko yana nazarin ruwa. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe zai tsaya gaban manyan malamai a birnin Rabat ya kare littafin da ya rubuta, a ba shi digirin dokta ko a hana shi. Shi ya aiko mini da tikitin jirgi, ya ce ba ya so ya tsaya a wurin ba kowa nasa.

Abin da na sani game da karatun nasa kaɗan ne. Zuwansa gida na ƙarshe, ya kafa wani dogon ƙarfe mai lambobi a bakin kogin Komadugu, ƙasa da gonarmu, ya ce kullum ƙarfe bakwai na safe in ɗauki hotonsa da waya in tura masa, ko da ruwa ko babu. Shekara uku ina yi. Ni dai na ɗauke shi aiken ƙane, irin wanda ba a iya ƙi.

Tun ranar Asabar ya kamata in tashi, sai zazzaɓi ya kwantar da Iya, na ce ba inda zan je sai na ga ta ci abinci da hannunta. Shi ya sa na taso ba ni da ko yini ɗaya na rara, domin jirgin zai tashi daga Yamai gab da asubar Laraba, kuma tsakanin Difa da Yamai kilomita dubu da ɗari uku da sittin ne.

Ƙarfe biyar da kwata kar ɗinmu, wato babbar motar fasinja, ta tashi. A shingen fita gari jandarmomi suka sauke mu duka, kowa ya nuna katin ɗan ƙasa, muka taka muka wuce igiya sannan muka sake hawa. Ƙarfe bakwai saura muna Maine Sorowa, kilomita saba'in da biyar. Na sha shayi da burodi na dala hamsin a tsaye. Gudumariya muka isa wajen tara da rabi, aka sake duba katuna.

Ba mu yi minti arba'in da barin Gudumariya ba sai muka ji wani abu ya fashe a gaban motar, wari ya tashi, direba ya gangara gefe. Bel ɗin injin ne ya tsinke, wanda suke ajiye da shi kuma bai yi daidai ba. Direban, wani dattijo mutumin Tasawa, ya hau tudun rairayi yana neman inda waya za ta kama, ya dawo ya ce an taso da wani bel ɗin daga Gure. Na tambaye shi awa nawa. Ya ce, "Hajiya, in na faɗa miki lokaci na yi miki ƙarya."

Muka zauna ƙarƙashin goruba. Wata Bafulatana ta fito daga kwari da ƙwaryar nono, ta sayar da shi tas cikin minti goma. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Shirina shi ne in isa Damagaram da azahar in kama motar yamma, in wayi gari a Yamai ranar Talata in huta. Ina zaune ina kallon shirin nan yana rushewa. Kyari ya kira sau biyu. Na farko ban ɗauka ba, na biyu na ce masa muna hanya lafiya lau, ya je ya ci gaba da bitarsa. Ban ga amfanin in ɗora masa nawa a kan nasa ba.

Ƙarfe huɗu da rabi aka kawo bel, biyar muka tashi. Gure da magariba, Damagaram ƙarfe goma saura. Kilomita ɗari huɗu da saba'in sun cinye mini yini guda cur. Na shimfiɗa zane a ɗakin mata na tasha na kwanta da jakata a ƙarƙashin kai.

Talata: Damagaram zuwa Yamai

Ƙarfe uku da rabi ina bakin tagar mai sayar da tikiti. Ya duba takardarsa ya ce motar asuba ta cika tun jiya, sai dai ta yamma. Ta yamma kuwa ba za ta shiga Yamai ba sai jirgina ya yi nisa. Na nuna masa tikitin jirgin, na yi masa bayani, ya ce ya ji amma ba zai iya sauke wanda ya riga ni ba. Gaskiyarsa ce. Na koma gefe na zauna a kan jakata.

Sai wani dogon saurayi da ke bayana a layi ya matso ya gaishe ni. Na gane shi, tare muka sha zaman gorubar jiya. Soja ne ɗan Doso, yana aiki a Boso, zai je hutu gida, ya sayi kujerarsa tun daga Difa. Hausarsa irin ta Zabarmawa ce, a hankali yake jan ta. Ya tambaye ni ko da gaske ƙanena ɗan Barwa ne, kuma dokta zai zama. Na ce in Allah ya yarda.

"To Inna, hau kujerata," in ji shi. "Hutuna kwana goma sha biyar ne, in ɗaya ya tafi ba komai. Na ga Barwa da idona. In aka ce wani ya fito daga can ya kai nan, ya kamata a je a tsaya masa."

Na yi masa godiya. Mai tikiti ya sauya suna, na hau, kujera ta ashirin da uku. Sai da muka wuce Takeita na tuna ko sunansa ban tambaya ba.

Ƙarfe biyar saura kwata muka bar Damagaram. Tasawa bakwai, Maraɗi tara saura, inda na ci shinkafa da wake ta dala ɗari. Daga nan duk ƙasar baƙuwa ce a wurina, domin ban taɓa wuce Maraɗi ba. A Galmi na ga albasa jibge a bakin hanya kamar yadda muke jibge tattasai. Ƙonni muka yi azahar, Dogon Dutsi la'asar, Doso magariba. Shinge nawa muka wuce ban riƙe ba, na dai daina mayar da katina cikin jaka, na riƙe shi a hannu. Ƙarfe takwas da rabi muka shiga Yamai, kilomita ɗari takwas da casa'in, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya matse.

Hajiya Bintu, ƴar baffan maigidana da ke aikin gwamnati a can, ita ta tarye ni. Ta ba ni ruwan zafi na yi wanka, ta sa ni gaba sai da na cinye tuwo, ta ara mini rigar sanyi mai kauri ta ce Maroko ba Difa ba ce. Ita ta kai ni filin jirgi, ta tsaya har ta ga an karɓi jakata an buga mini hatimi a fasfo.

Laraba: Yamai zuwa Kasablanka

Ba zan ɓoye muku ba, da jirgin ya fara gudu a ƙasa na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da ya ɗaga sai na ji cikina ya rage a Yamai. Bayan minti goma komai ya lafa, har ya fi kar daɗin zama, ba rami ba gargada.

A gaban kowace kujera akwai ɗan allo mai nuna taswira, da hoton jirgi ƙarami yana tafiya a kai. Maƙwabcina, wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya, ya nuna mini yadda ake karanta shi. Tsakanin Yamai da Kasablanka kilomita dubu biyu da ɗari huɗu da ƴan kai, lokacin tafiya awa uku da minti arba'in. Na sa ya maimaita. Na yi lissafi da yatsu: ni da na yi kwana biyu ina fama da kilomita dubu da ɗari uku da sittin, ga shi zan yi kusan ninkinsu kafin hantsi. Zaman da muka yi a gindin goruba kaɗai ya isa mu je Maroko mu kamo hanyar dawowa. Na faɗa masa haka ya yi dariya, ya ce shi ya sa mutanen Difa suka fi kowa haƙuri a ƙasar nan.

Gari ya waye muna bisa hamada. Rairayi ja, ba gari ba itace, har iyakar gani. Can gaba sai duwatsu suka taso, kawunansu fari fat. Na ɗauka kanwa ce, ya ce ƙanƙara ce. Bayan su sai ƙasa ta koma kore shar, gonaki a yanke kamar an gwada da igiya.

Muka sauka ƙarfe takwas da ƴan mintoci, agogonsu daidai da namu. Ɗan sandan da ke duba fasfo ya tambaye ni da Faransanci abin da ya kawo ni. Aji shida na tsaya a lakwal, makarantar boko, amma abin da na koya bai gudu duka ba. Na ce masa ƙanena zai zama dokta gobe, na zo gani. Ya ɗago ya dube ni, ya ce yana taya ni murna, ya buga hatimi. A wurin duwan, wato kwastan, suka buɗe jakata suka tarar da ƙullin garin tattasai da turaren wuta da Iya ta haɗa. Ma'aikacin ya kwance ƙullin ya kai hanci, ya yi atishawa uku a jere, abokan aikinsa suna dariya, ya ɗaure ya ce in wuce.

Kyari yana tsaye a bakin ƙofa. Ya yi gemu, ya sa tabarau, amma tsayuwar babanmu ce sak. Ya durƙusa a gaban jama'a ya gaishe ni da Barbarci, ya ce, "Yaya, kin sha hanya." Na tuna gargaɗin Iya na haɗiye abin da ya taso mini.

Daga filin jirgin muka shiga jirgin ƙasa, muka sauya wani a cikin gari, kusan awa biyu muna Rabat. Ruwan sama ake yi, a watan Disamba. Ya sauke ni a gidan wasu ɗalibai mata ƴan ƙasarmu, suka ba ni gado mafi kyau. Sai a nan na ba shi labarin goruba da sojan. Ya ce da ya sani da bai iya karanta ko layi ɗaya ba.

Alhamis: Rabat

Na sa lafayata mai ruwan goro, na turara ta da turaren Iya. Zauren ba shi da girma sosai, amma ya cika: ɗaliban Nijar, ƴan Chadi, ƴan Senegal, da ƴan ƙasar. A gaba malamai biyar a bayan dogon tebur, wata dattijuwa mai farin gashi a tsakiya, ita ce shugabarsu. Aka zaunar da ni a layin farko.

Kyari ya yi minti arba'in yana magana ba tare da ya duba takarda ba. Ban fahimci rabi ba. Amma na ga taswirar Komadugu a bango, tun daga inda ya taso a Najeriya har inda yake faɗawa tafkin Chadi, na ga Difa, na ga Asaga, na ga Boso. Sai kuma ga ƙarfen nan na bakin gonarmu, hoto bayan hoto, rani da damina, har akwai wanda gefen zanena ya shiga ciki. A nan na gane abin da yake nema: yadda za a san ruwa zai yi ambaliya tun kafin ya ci gonakin tattasai, a samu lokacin kwashe injin ban ruwa da ɗaga shinge.

Aka shiga tambayoyi. Uku suka yi nasu ya amsa. Na huɗun wani siriri ne mai sanƙo, wanda aka gayyato daga wata jami'a. Ya buɗe littafin ya ce aikin yana da kyau, amma duk ya dogara ne kan awon ƙarfe ɗaya, a yankin da kowa ya san halin da yake ciki. Wa ya yi awon? Ta yaya za a yarda mutum ya je bakin kogin nan kullum shekara uku? Kuma akwai kwanakin da ruwa ya shanye ƙarfen gaba ɗaya, amma ga lambobi an rubuta, daga ina suka fito? Wata ɗaliba da ke kusa da ni tana fassara mini a kunne, na ji muryarta ta canza. Na ga Kyari ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Wadda ta yi awon tana nan zaune. Yayata ce. Ranar Litinin ta baro bakin kogin."

Shugabar ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaya ko zan yarda in yi magana. Kyari ya ce zai fassara, ta ce a'a, shi ake yi wa jarrabawa, in ina iyawa in faɗa da bakina.

Na miƙe. Da Faransancin aji shida, inda ya ƙare mini ɗalibar nan ta cika, na ce musu kullum bayan na ɗora koko nake tafiya, tafiyar minti ashirin ce. Na ce shekarar da ruwa ya rufe ƙarfen, akwai wata tsamiya a kan tudu da ruwan ya kai gindinta, sai na riƙa sa alama a jikinta da fenti, ina auna tsakanin alama da alama da tef ɗin tela, da ruwa ya janye muka gwada tsayin tsamiyar da na ƙarfen. Na ce kwana tara ne kawai ban je ba, huɗu sojoji sun hana zuwa bakin kogi, biyar ina jego. Sannan na ciro wayata na ce hotunan suna ciki, kowanne da ranarsa da lokacinsa.

Mai sanƙon ya taso da kansa ya karɓi wayar. Ya daɗe yana ja da yatsa, yana dubawa yana komawa littafin. Da ya gama ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya koma kujerarsa ya ce ba shi da sauran tambaya, sai dai yana fata ma'aikatansa su riƙa awo kamar matar nan. Zauren ya ɗauki tafi, shugabar ta bari aka yi, ba ta tsawata ba.

Suka fita shawara minti ashirin. Da suka dawo kowa ya miƙe tsaye, shugabar ta karanta cewa an ba Kyari digirin dokta da daraja mafi girma. Aka sa masa doguwar riga. Ya zo ya buɗe mini shafin farko na littafin, ga sunan babanmu, ga na Iya, ga nawa a ƙasa, an rubuta cewa ni na riƙe kogin a lokacin da shi yake nesa. A nan kam na saɓa wa Iya, kuma ban ji kunya ba.

Da yamma ɗaliban suka yi dafa-duka da garin tattasan da na kawo. Ƴan Maroko biyu da suka ci suna ta shan ruwa suna ƙari.

Komowa

Ranar Juma'a ya kai ni na ga teku. Na tsaya nesa, domin ruwan da ba a ganin ƙetarensa ban yarda da shi ba. Asabar na kamo hanya ni kaɗai, shi sai ya kammala takardunsa zai taho nan da wata biyu. Awa uku da minti arba'in na sauka Yamai. Na kwana biyu wurin Hajiya Bintu na mayar mata da rigarta, Litinin da asuba na hau kar, na kwana Damagaram, Talata ƙarfe biyu na rana muka wuce igiyar jandarmomin Difa. Wannan karon ko taya ba ta yi faci ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga Malam Ari da ya riƙe gida da jinyar Iya, da Hajiya Bintu, da ɗaliban da suka bar mini gadonsu, da sojan da ban san sunansa ba, da ku da kuka kwashe mini tattasaina daga shanya ba tare da na roƙa ba.

Na tarar tsakar gidanmu cike da mata, Iya tana zaune a tabarma ta warware. Ta hana kowa magana, ta ce in fara tun daga tasha. Na ba da labari har na kai inda na miƙe a zauren, ta ce in tsaya in sake. Na sake. Ta ce wane ne ya taso ya karɓi wayar, babban malamin da kansa? Na ce shi da kansa, kuma da hannu biyu ya mayar. Ta sa aka ɗauko littafin da Kyari ya ba ni in kawo mata, aka ɗora mata a cinya, ta shafa bangonsa, ta jinjina nauyinsa. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe tsaye, ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗa, doguwa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Tun ranar da muka baro Barwa ba wanda ya sake jin guɗar Iya sai ranar nan.